MUN IYA ANKO, MUN KASA JINYA

Na san kun saba in na ɗauki biro labari nake ba ku, na saurayi da budurwa ko na uwargida da amarya, a sha wuya sannan a ƙarshe a sha daɗi. To yau ku yi haƙuri da ni, faɗa na zo yi, kuma ta kaina zan fara kafin in iso kanku, domin laifin da zan faɗa da hannuna a ciki dumu-dumu.

A unguwarmu an yi wata baiwar Allah tela, ba zan kama sunanta ba saboda 'ya'yanta, mu dai Anti muke ce mata. Fiye da shekara goma duk ankon da aka fitar a layinmu ta ƙarƙashin kekenta yake bi. Daren sallah ba ta runtsawa, sai ki ga an cika mata tsakar gida kowa na cewa a fara gama nata. Mijinta ɗan adaidaita sahu ne, na haya ma, kullum sai ya kai wa mai shi balas kafin ya san abin da zai shigo da shi gida. 'Ya'yansu huɗu.

A cikinta na ƙarshe aka gaya mata a wurin awo cewa jininta ya hau, aka ɗora ta a kan magani. Ta haihu lafiya, ta yi arba'in, ta ji jikinta garau, sai ta tura kwalbar maganin bayan kwanuka ta koma kan kekenta. Ba ganganci ta yi ba, yawancinmu haka muke, in kai ya daina ciwo shi ke nan an warke. Alhali shi hawan jini ba ya sallama, yana nan shiru yana ɓarna a ciki shekara da shekaru. Da ƙafafunta suka fara kumbura muka ce zaman keke ne. Da fuskarta ta fara tasawa da safe muka ce Anti an samu hutu, har da tsokanarta muke ko ƙanin auta ne a hanya. Da ta fara amai da ƙin abinci da ƙaiƙayin jiki, sai labari ya sauya, wai sammu ne, wata 'yar uwar sana'a ce ta jefe ta don ta kwashe mata masu kawo ɗinki. Wata huɗu cur ana jiƙe-jiƙe da turare-turare. Sai a farkon 2024 da ta yanke jiki ta faɗi aka kwashe ta sai asibiti, likita ya duba ya ce ƙodojinta duka biyun sun gaza.

Bari in ɗan tsaya a nan saboda wadda ba ta san abin ba. Ita ƙoda matata ce Allah Ya sa mana a jiki, guda biyu, dare da rana suna tace jini suna fitar da dattinsa da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. In sun gaza dattin nan ya taru ya zama guba, ruwa ya cika jiki har ya hau huhu mutum ya kasa numfashi. Daga nan sai wankin ƙoda, wato a jona mutum da inji, jininsa ya fita a tace shi ya dawo, ana yin wajen awa huɗu a kwance. Ƙa'ida sau uku ne a sati, amma talaka in ya samu biyu ya gode Allah. Kuma wankin ba ya warkar da ƙodar da ta mutu, riƙe rai kawai yake, in an fasa sati guda jiki ya gaya wa mutum. Mafita ita ce dashe, wani ya ba da tasa guda ɗaya don mutum na rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, kuma tun 2002 ake yin dashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai dai kuɗinsa miliyoyi ne, bayan an yi kuma ga magani na har ƙarshen rayuwa.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi. A lokacin kowane wanki ɗaya da kayan aikinsa yana cin su wajen naira 50,000. Sau biyu a sati 100,000 ke nan, a wata 400,000, ban da allurar ƙarin jini, ban da gwaje-gwaje, ban da kuɗin mota. A shekarar nan ta 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, wato albashin ma'aikaci na wata guda bai kai wanki biyu ba, balle ɗan adaidaita na haya. Sati uku kacal aka yi 'yan kunnenta na gwal suka tafi. Sannan firij. Sannan keken zigizag. Daga ƙarshe dillaliya ta zo ta ɗauki keken ɗinkin kansa, wanda da shi ake ci a gidan.

To mu kuma muna ina? Nan ne abin kunyar. A watan da aka ɗauki keken Anti, a watan aka fitar da ankon bikin 'yar wata hajiya a layinmu, atamfa turmi naira 15,000. Mu arba'in muka yanka, na ƙirga da kaina daga baya a hoton da aka ɗauka ranar kamu. Arba'in sau 15,000, naira 600,000 ke nan, wanki goma sha biyu, sati shida na ran Anti. Ban sa kuɗin ɗinki ba, ban sa lalle da kitso ba, ban sa abin da aka zubar a ƙasa wajen liƙi ba. Ni ma na yanka, wallahi na yanka, har da cin bashin dubu biyar a wurin ƙanwata don kada a ce ni kaɗai ce ban shiga sahu ba. Kuma abin da ya fi damunmu a lokacin, Allah Ya yafe mana, shi ne wa zai ɗinka mana tunda Anti na kwance.

Kada ki ce ba mu je dubiya ba. Mun je, mu goma sha biyu a tare, mun sha turare kamar masu zuwa ɗaurin aure, muka cika ɗakin har mai jinya ta rasa inda za ta sa ƙafa. Muka dire mata ledar ayaba da lemo da katan ɗin lemon kwalba, ba mu ko tambaya ba, ashe duk abubuwan da likita ya ce ta kiyaye ne, domin mai wankin ƙoda ana ƙayyade masa ruwan sha, ana hana shi gishiri da yawa da kanwa, ana rage masa irin su ayaba da lemo da dabino. Sannan kowa ta zama likita. Wannan ta ce akwai wani mai magani a ƙauyensu, waccan ta ce ai wankin nan in aka fara shi ba a tashi, ƙanin mijinta ma haka ya yi wata uku ya cika. A gaban mara lafiya fa! Muka ce "Allah Ya sawwaƙe, Allah Ya sa kaffara ne," muka fito, tun kafin mu kai bakin titi an koma zancen wane gwaggwaro za a ɗaura ranar dina.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa hannunmu ke da sauƙin buɗewa a biki amma yake ƙanƙancewa a jinya. Amsar ba daɗi. Abin da muke kira gudummawar biki ai bashi ne muka sa masa ɗankwali. Ki kai mini dubu biyar ranar sunana, a rubuta, ranar naki in kawo miki goma. Kowa na gani, kowa na ƙirgawa, wadda ba ta mayar ba a yi da ita a gidan kitso. Shi kuwa mara lafiya ba shi da ranar da zai rama, ba maroƙin da zai kama sunanki, ba mai hoto. Da zumuncin gaskiya muke yi da ya fi ƙarfi a inda ba a sa ran ramuwa. An ce zumunta a ƙafa take, to mu tamu ƙafar gidan kiɗa kawai ta sani.

Wadda ta ɓaro mana ruwa wata tsohuwa ce mai tuyar ƙosai a bakin layinmu, Inna muke ce mata. Ranar wata Asabar an tashi daga Islamiyyar matan aure muna neman takalma, sai ga ta da gwangwanin madara a ƙulle cikin tsumma. Ta zazzage shi a kan tabarma, canji ne duk ya sha mai, aka ƙirga naira 7,300. Ta ce, "'Ya'yan nan, ga wannan ku kai wa yarinyar nan tela. Kuɗin likkafanina ne nake tarawa." Malamarmu ta ce, "Haba Inna, ki bar abinki, Allah Ya ba ki lada." Sai tsohuwar nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ni ba na tsoron rasa likkafani a unguwar nan. Gawa kun iya yi mata hidima. Mai rai ce ba ku iya ba."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba wadda ta iya ɗaga kai. A nan take, ba tare da an je gida neman shawara ba, aka yage takarda daga littafin wata aka fara rubuta suna.

Ga yadda muka yi, na kawo shi dalla-dalla don wata unguwar ta ɗauka. Mu sittin ne da 'yan kai a makarantar, kowa ta ɗauki naira 1,000 duk sati, wadda ba ta da hali ta kawo abin da ya sawwaƙa ba mai yi mata gori. Wannan ya riƙe wanki ɗaya. Na biyun muka ɗora wa maza, kowa ta je ta tasa maigidanta a gaba har liman ya yi magana bayan sallar isha'i, 'yan majalisar shayi da 'yan kasuwar layin da dangin Anti suka ɗauka. Mata uku muka sa a kan kuɗin, ɗaya ta karɓa, ɗaya ta rubuta, ɗaya ta je ta biya a asibiti ta kawo rasit, duk Asabar a karanta lissafi a gaban kowa. Ba mu taɓa danƙa kuɗin a hannun mijinta ba. Ba don ba mu yarda da shi ba, sai don mu rufa masa asiri daga bakin mutane, kuma shi da kansa ya ce haka ya fi masa kwanciyar hankali.

Bayan kuɗi sai muka gane ashe jinya ta fi kuɗi faɗi. Aka raba kwanan girki gida-gida, ranar da ta faɗo kanki ki ƙara hannu a tukunyarki ki aika wa yaran, nata kuma a yi shi daban yadda likita ya tsara. Wata ta ɗauki wankin kayan makarantar yaran, wata kitson 'yan matan. Wata amarya da ba ta haihu ba tukuna ta ɗauki autan yana wuni a wurinta ranakun wanki. Abokan aikin mijinta suka raba kai ta asibiti da dawo da ita ba ko sisi. Da aka nemi jini, samarin da muke zagi kullum don sun dame mu da ƙwallo a bakin layi, su suka je su shida suka miƙa hannu, aka ɗibi na waɗanda ya dace. Nan na san cewa abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba cikin wajen lita biyar da ke jikin babban mutum, kuma mace ma tana bayarwa in tana da lafiya ba ciki ba goyo. Sannan muka bi sawun dillaliya muka fanso keken, 'yan matan da Anti ta koya wa ɗinki suka ci gaba da aiki a tsakar gidanta, tana zaune a kan kujera tana nuna musu inda za su sa almakashi. Ranar da ta sake jin ƙarar keken nan a gidanta kuka ta yi.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana a ido. Na farko, wai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, ban musa ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, mu masu masaukin baƙi kasafin tarayyarmu bai taɓa kaiwa nan ba. Fiye da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane take fita. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya, ki tambayi matan layinku nawa ne ke da katin. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, an gode, amma ko a hakan sau biyu a sati naira 96,000 ne a wata, ya fi albashin 70,000. Duk wannan a faɗe shi, a tuna da shi ranar da 'yan siyasa suka zo da atamfa da sabulu. Amma ran Talata ce ranar wankin Anti, kuma Talata ba ta jiran kasafin kuɗi.

Na biyu, wai akwai 'yan damfara masu yawo da hoton mara lafiya suna tara kuɗi su cinye. Akwai su, Allah Ya shirye su. To maƙwabciyarki da kike jin tarinta ta katanga ita ma 'yar damfara ce? Maganin damfara rasit ne da lissafi a fili, ba naɗe hannu ba. Kuma tunda zancen hoto ya zo, don Allah 'yammata ku ji tsoron Allah, ba taimako ba ne ki ɗauki matar mutane a gadon asibiti ba ɗankwali, jiki a kumbure, ki watsa a waya ba da izininta ba. Anti ta roƙe mu kada a ɗauke ta, ba a ɗauka ba, kuma kuɗin bai fasa taruwa ba. Ciwo ya ci jikinta, bai kamata mu kuma mu ci mutuncinta ba.

Na uku shi ya fi yi mini ciwo. Wata mai hali ce a unguwar, da aka je mata ta ce, "Ai wannan zuba ruwa ne a rariya, ciwon nan ba a tashi." To Anti ba ta tashi ba. Allah Ya karɓi abarsa a ƙarshen 2024, wata goma sha ɗaya da fara wanki, ana cikin gwada ƙaninta ko tasa ƙodar za ta dace. Ban ɓoye muku ba don ba littafin soyayya nake rubutawa ba yau. Amma ku zo in gaya muku abin da aka saya da kuɗin nan. A watannin nan ta ga babbar 'yarta ta rubuta jarrabawar gama sakandare. Ta zaunar da yarinyar ta koya mata yanka da haɗa hannun riga, yau da keken nan ake ciyar da ƙannenta. Ta kira duk wadda ta bar mata yadi ta mayar mata da abinta, ta biya bashin da ke kanta, ta yi azuminta na ƙarshe cikin 'ya'yanta ko da ba ta iya ɗauka ba, ta nemi gafarar kowa. Ta tafi ta san ba a yar da ita ba. Wadda ta ce wannan rariya ce, ina roƙon Allah kada Ya nuna mata ranar da za a yi lissafin nata kwanakin da naira.

Kun san abin da ya faru ranar sadakar uku? Ita mai zancen rariyar ce ta aiko da buhun shinkafa da jarkar mai, aka dafa aka ci aka yi ta sa mata albarka. Mutanen da ba a ga ƙeyarsu ba wata goma sha ɗaya suka cika rumfa, har da masu kukan da ya fi na 'ya'yan mamaciya. Kuɗin buhun nan da ya zo tana da rai ya isa wanki guda har da canji. Sai na tuna maganar Inna. Addininmu ya sanya duba mara lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa kamar yadda ya sanya rakiyar gawa, mu muka zaɓi guda muka bar guda.

Ba mu rufe littafin lissafin nan ba bayan rasuwarta. Mun rage kuɗin zuwa naira 200 a sati, asusun yana nan. Da shi aka biya wa wata aikin haihuwa cikin dare ba a tsaya jiran a sayar da akuya ba. Da shi muka sayi na'urar awon jini, wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu tana auna kowa farkon wata, wadda nata ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ce ta je ta ga likita. A zaman farko aka samu mata biyar da ba su san jininsu ya hau ba. Da an yi wa Anti haka shekara uku baya, Allah ne masani, amma wataƙila da yanzu tana kan kekenta.

Don haka 'yar uwa ga roƙona. In an ɗora ki a kan maganin hawan jini ko na suga kada ki ajiye don kin ji sauƙi, su biyun nan su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Ki rage haɗiyar maganin ciwon jiki na kemis ba da umarnin likita ba, ki bar jiƙon da ba ki san abin da ke ciki ba. Ku kuma masu shafe-shafen bilicin, ku sani akwai mayukan da ake zuba wa sinadarin makuri, yana ratsa fata ya je ya taɓa ƙoda, farin wata shida bai kai wankin sati biyu ba. In za ki dubiya ki tambayi mai jinya me ake buƙata kafin ki sayi komai, ki taƙaita zama, ki bar labarin waɗanda suka mutu a bakin ƙofa. In kuna da adashi ko makaranta ko ƙungiyar 'yan ajinku, ku buɗe asusun ciwo tun kowa na lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ban ce a daina biki ba, ni ma ina son kwalliya. Cewa na yi duk ranar da aka kawo miki anko, kafin ki kwance bakin zani ki tambayi kanki ko akwai wadda ke kwance a layinku.

Atamfar nan tana ƙasan akwatina har yau, sau ɗaya na ɗaura ta, na kasa sake ɗaurawa kuma na kasa bayarwa. Inna kuwa tana nan da ranta tana tuyarta, mun saya mata likkafaninta mun kai mata, ta karɓa tana dariya ta ce ai dama ta faɗa.

Wadda maganata ta sosa wa rai ta yafe ni, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah Ya jiƙan Anti, Ya raya abin da ta bari, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, amin.